Yatsan Da Ya Hana Ni Lasisi a Tamale

Kwana huɗu da barin gida na sauka a Nima, unguwar Hausawa ta birnin Akra a ƙasar Gana, ƙafafuna sun kumbura saboda zaman mota, ba abin da ke jakata sai kaya kala uku, filaya, sukundireba biyu da takardar yayena. Sunana Sabi'u. Mutumin wani ƙauye ne ni tsakanin Ɗambatta da Kunci, sana'ata wayarin, wato sa wa gidaje wayar lantarki. Shekara bakwai na yi a hannun Malam Ɗanjuma a bakin kasuwar Ɗambatta kafin ya yaye ni da goro da addu'a da wannan takarda, wadda ya sa aka buga mata hoton ƙwan fitila a sama da sunana da jan tawada.

Abin da ya fitar da ni ba boyayye ba ne. A wajenmu gona ta yi kaɗan, mutane sun yi yawa, har in ka yi atishawa a gonarka maƙwabci ne zai amsa maka daga tasa. Da mahaifinmu ya rasu muka raba tasa mu biyar, ni kuwa da zafin kai na ɗauki rabona na ba yayana Sule kyauta a gaban mai unguwa, na ce ni da fartanya mun yi sallama. Sana'ar da nake taƙama da ita kuma ba ta ciyar da ni, don wa zai kira mai wayarin a garin da ake wata uku ba a ga wuta ba? Na kai matata Hajara gidan mahaifinta da 'yarmu mai shekara ɗaya, na yi musu alkawarin da zarar na tsaya da ƙafata zan aiko su taho.

Abin da ya fara ba ni haushi a Akra shi ne fanka. Ka leƙa shago da rana tsaka, ba kowa a ciki, fanka tana ta juyawa ita kaɗai. In aka ɗauke musu wuta ta awa biyu sai ka ji suna tsine wa gwamnati kamar an yi musu mutuwa. Na ce a raina, Sabi'u, ka zo gida, a nan aiki zai gudu ya bi ka.

Kwana biyu ya isa in gane na yi wauta. Duk inda na je neman aiki tambaya ɗaya ce, ina katinka. Wani mai sayar da waya ne ya zaunar da ni ya yi mini bayani. A ƙasar ba a haɗa wa sabon gida mita sai mai lasisi ya cika fom, ya sa hannu, ya buga hatiminsa, sannan mai duba aiki ya zo ya gani. Lasisin kuwa kati ne da hukuma ke bayarwa bayan jarrabawa, ta rubutu da ta hannu. In ba ka da shi, ko da zinariya ka yi wayarin, gidan a duhu zai zauna. Na zaro takardar yayena da alfahari na miƙa masa. Ya juya ta gaba da baya, ya tambaye ni ko katin gayyatar biki ne. Ba da mugunta ya faɗa ba, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka haɗa ni da Alhaji Baba Sidi. Mutum ne mai jiki, mai fara'a, ɗan kwangilar wuta, yana da kati yana da hatimi. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ya ce kakansa ma daga ƙasar Kano ya zo fataucin goro, don haka ni jininsa ne. Hausarsu ta can ba mace ba namiji, uwa ma “ya zo” ce, amma ranar nan ban taɓa jin Hausa mai daɗin tasa ba. Ya ce in yi aiki a ƙarƙashin hatiminsa, shi kuma zai kai takarduna hukuma ya sa sunana a cikin masu jarrabawa, don baƙo ba ya shiga sai da mai tsaya masa. Na ba shi takardar yaye da hotuna huɗu a cikin ambulan. Har addu'a na yi masa, ta fatan gamawa da duniya lafiya.

Wata takwas na yi ina bin gine-ginensa a Akra. Ba zan ci amanar gaskiya ba, na ƙaru. A can na saba da waya ta uku, wadda ake binne ƙarshenta a ƙasa don in wuta ta ɓalle ta bi ta nan maimakon ta bi ta jikin mutum. A gida mun san da ita, amma ba mai gidan da zai yarda ya saya, mu ma ba ma matsawa. Na koyi jera wayoyi a akwatin raba wuta kowace da launinta. Alhaji kuwa ban taɓa ganin filaya a hannunsa ba. Sai na gama fasa bango, na sha ƙurar siminti, na ja waya har fatar tafina ta saɓule, sannan ya iso cikin shadda yana ƙamshi, ya zaro hatimi daga aljihu ya hura masa iska ya buga. Sunansa ne a kan kowane gida da na yi. Duk sanda na tambayi maganar jarrabawa sai ya ce sunaye ba su fito ba, in yi haƙuri, ƙasar mutane ce.

Daga nan ya tura ni Kumasi, inda ya samu aikin wata makarantar Islamiyya mai hawa biyu. A ɗakin ajiyar siminti nake kwana. A Kumasi ne kewar gida ta kama ni da gaske. Ruwa ba ya ɗaukewa, kaya ba sa bushewa, ko'ina kore shar har ido ya gaji, ni kuwa jan ƙasarmu nake so in gani da karan dawa a tsaye. In na kira gida Hajara ba ta ƙorafi, sai dai ta ce kowa lafiya, an gode Allah. Wata rana ta kara wa 'yarmu waya a kunne ta ce ga Baba, yarinyar ta ture ta fashe da kuka don ba ta san muryar ba. Na kashe wayar na koma na ci gaba da fasa bango.

A bakin ƙofar makarantar akwai wata dattijuwa, Mma Azumi, mai sayar da shinkafa da wake irin tasu da suke ce wa wace. Ita ce ta lura ina sayen abinci sau ɗaya a wuni, sai kawai kwanona ya riƙa nauyi fiye da na kowa. Da zazzaɓi ya kwantar da ni kwana biyar, da kanta take tako tsakuwa da ƙusoshi ta kawo mini koko mai citta, ta tsaya a kaina sai na shanye. Alhaji, jinina, sau ɗaya ya kira, ya tambaya ko an gama hawa na biyu.

Shekara ɗaya da rabi da ba shi ambulan ɗin nan asirinsa ya tonu, kuma ba wayona ne ya tona ba. Mai duba aiki ne ya zo, wani Ba'asante siriri mai furfura. Ya buɗe akwatin raba wuta ya daɗe yana kallo, ya tambayi wanda ya yi. Alhaji ya ce yaransa ne. Mutumin ya waiwayo ya ga hannuna, ya tambaye ni da Turanci me ya sa mai irin wannan aiki ba shi da kati. Da ɗan Turancina na sakandare na ce Alhaji ya kai takarduna, muna jiran sunaye. Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce ba wanda yake kai wa wani takarda, kowa da ƙafarsa yake zuwa ya cika fom a ɗauki hotonsa, baƙo da ɗan ƙasa duk ɗaya, kuma tun zuwana an yi jarrabawar har sau uku. Alhaji ya zaro wayarsa da ba ta yi ƙara ba ya kara a kunne ya fita.

Na same shi a mota. Na yi niyyar zagi, amma tarbiyya ta riƙe mini harshe, na ce kawai, “Alhaji, me na yi maka?”

Bai ko ji kunya ba. Ya buɗe aljihun mota ya zaro ambulan ɗina, yadda na ba shi, ba a ko buɗe ba, sai tabon manja a gefe. Ya ce, “Kai ma ka yi tunani mana, ɗan Kano. In ka samu kati, wa zai yi mini aiki?”

Na karɓa na ce Allah ya isa, a fili, yadda direbansa zai ji. Har yau ban janye ba.

Mma Azumi ce ta nuna mini hanya. Ta ce in na zauna a Kumasi Alhaji zai ɓata ni a wurin duk masu hatimi, gara in tafi Tamale can arewa, ana yin jarrabawar a can ma, kuma ƙaninta Isiyaku yana da shagon kayan wuta. Ta kira shi a gabana ta ce ga ɗanta nan zuwa. Da zan hau mota ta ƙulla mini wace a ganye, ta ce, “Ɗana, in ka samu katin ka kira ni in yi guɗa.”

Tamale ta so ta kashe ni da kama da gida. Ga kuka, ga ɗorawa, ga dawa a gona, ga babura kamar a Ɗambatta ranar kasuwa, sai ka juya za ka gaisa da mutum ka ji wani yare. Isiyaku ya ba ni ɗaki a bayan shago, ina sauke masa kaya ina jera su, in ba ciniki in buɗe littafin ƙa'idojin wayarin in yi ta haddacewa kamar mai tilawa. Da ƙafata na je na cika fom. Abin da Alhaji ya ce sai da mai tsayawa, kafin azahar na gama shi.

Saura wata ɗaya jarrabawa Yaya Sule ya kira ni da saƙon surukina. Dattijon ya ce damina biyu ta wuce yana ciyar da matar wani, shi bai ƙi ni ba, amma kafin babbar salla ko in zo in ɗauki iyalina, ko in aiko su same ni a inda nake, ko in sauwaƙe wa yarinya. Ban ga laifinsa ba. Lissafin a fili yake: in na samu kati, Isiyaku ya riga ya yi mini hanyar gidaje uku da zan yi da sunana, in kama ɗaki in aiko su taho. In ban samu ba, ba ni da abin da zan ajiye mace a kai a ƙasar mutane.

Jarrabawar rubutu na ci, da ƙyar amma na ci. Saura ta hannu, wadda ko a mafarki ban ji tsoronta ba.

A nan sai na koma baya kaɗan, don a gane abin da ya faru. Duk wanda ya koyi aiki a wurin Malam Ɗanjuma, da bayan yatsa yake gwada waya. Kafin ka kama ta sai ka ɗan buga mata bayan manuniyarka, in da wuta za ta ture ka, ba za ta riƙe ka ba yadda take riƙe wanda ya kama da tafi. Malam yakan ce testa, wato na'urar gwada wuta, tana mutuwa, tana ƙarya, yatsa kuwa ba ya ƙarewa da batir. Ranar da na fara zuwa shagonsa da testa sai da aka wuni ana yi mini dariya. Kuma gaskiya dabarar ba ta taɓa cutar da mu ba, don wayar da muke bugawa, sau tara cikin goma, ba komai a cikinta. A gine-ginen Alhaji ma haka, duk sababbi ne da ba a haɗa wa mita ba, na shekara ɗaya da rabi ina buga yatsa a matacciyar waya ba wanda ya ce mini kul.

A wani ɗakin koyon sana'a aka yi jarrabawar, mu goma sha wani abu, kowa da allon da aka kafa wa wayoyi aka ɓoye matsala a ciki. Mai kula da ni wata injiniya ce, 'yar ƙaramar mace mai tabarau, da takarda a hannu, ba ta murmushi. Matakan na haddace su kamar Fatiha: ka kashe babban makunni, ka sa masa kwaɗo, ka gwada da testa, sannan ka taɓa. Na kashe. Na sa kwaɗo na jefa makullin a aljihu. Testar tana aljihun gabana, sabuwa, Isiyaku ne ya ba ni. Na buɗe murfin allon, hannuna ya tafi da kansa ya buga wa jar waya bayan yatsa. Wallahi ban san na yi ba. Na gano matsalar, na gyara, na ɗaure komai tsaf, na kunna fitila ta kama, sauran ko rabi ba su kai ba. Na juyo ina jiran yabo.

Ta bari aka gama, ta kira ni gefe. Ta ce a duk ɗakin ba aikin da ya kai nawa kyau, kuma na faɗi tun minti na farko. Na ce a kan me? Ta ɗaga hannunta ta buga bayan yatsa a iska, daidai yadda na yi. Sai a lokacin na ji abin a fatar yatsana.

Na yi gardama, ba zan ɓoye ba. Na ce ai na kashe, na sa kwaɗo, ba wuta a ciki. Ta ce na sani ne ko na zata? Ta zagaya da ni bayan allon ta nuna mini wata waya da suke haɗawa wani lokaci daga wani wuri daban, don gidan da ke da janareta ko sola yana iya mayar da wuta ta baya ko an kashe makunni. Yau ba su haɗa ba, sa'ata ke nan. Na roƙe ta. Na gaya mata maganar Hajara da surukina da babbar salla, abin da ban taɓa gaya wa baƙuwar mace ba. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce:

“Katin nan ba na gwaninta ba ne kawai. In na ba ka, gobe za ka ɗauki masu koyo, kuma abin da hannunka yake yi shi za su koya, ba abin da bakinka yake faɗa ba. Ka dawo bayan wata shida.”

Ta buɗe jakarta ta ba ni tata testar, mai baki biyu, irin wadda ba ta ƙarya, ta ce in riƙa gwada komai da ita har hannun ya manta. Na karɓa don kunya. A ranar na tsane ta fiye da Alhaji, kuma har yanzu ban gama huce mata ba. Shi Alhaji ya cuce ni, ina da wanda zan kai ƙara wurin Allah. Ita kuwa gaskiya ta faɗa, ba ni da inda zan kai ta.

Wata shida ba nawa ba ne, salla saura mako bakwai. Ban kira Mma Azumi ba. Na bar wa Isiyaku saƙo ya gaya mata bayan na ƙetare iyaka.

Ranar kasuwa na sauka a Ɗambatta, da jakar da na tafi da ita. Surukina ya karɓe ni da mutunci, bai tambaye ni komai ba, wanda ya fi tambayar zafi. Hajara ta dawo ɗakinta. 'Yarmu ta yi mako biyu tana ɓuya a bayan zanen uwarta in na shigo.

Na je gaida Malam Ɗanjuma da maganata a baki, na shirya ta tun daga Tamale, zan gaya masa abin da tarbiyyarsa ta jawo mini. Na tarar ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ya rungume ni yana ta murna ɗansa ya dawo daga ƙasar waje. Da na ba shi labari a taƙaice sai ya yi tsaki ya ce, “Rabu da su, Sabi'u, aikin takarda suka iya. Shekara arba'in ina buga yatsa, ga ni a zaune.” Na dubi tsohon da ya ciyar da ni shekara bakwai, na haɗiye maganata na ce haka ne, Malam.

Aiki na farko da aka kira ni, wani maƙwabcinmu Malam Iro ne ya yi sabon gini. Na rubuta masa kayan da za a saya, har da waya ta uku da ƙarfen da ake binnewa. Ya karanta ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wutar da ba ta zuwa ce zan binne wa ƙarfe? Na ce ranar da ta zo fa? Ya ce in ta zo ma yi maganar. Washegari na ga wani a kan tsani a gidan, waya biyu yake ja. Kafin mako ya zagayo magana ta bazu cewa Sabi'u ya je Gana ya dawo da iyayi, aikinsa tsada. A can an ce ban cika ƙa'ida ba, a nan an ce ƙa'idata ta yi yawa.

Da ruwan farko ya sauka na je wurin Yaya Sule da kaina a ƙasa. Bai yi mini gori ba, Allah ya saka masa. Ya kai ni gonar da ubana ya bar mini, wadda na ba shi a gaban mai unguwa ina cika baki, ya auna mini kunya goma sha biyu daga gefen kuka ya ce in noma aro, kafin Allah ya kawo wani abin. Na ari fartanya a wurinsa kuma.

Testar injiniyar nan tana aljihuna har yanzu, ko gona zan je. Jiya Hajara ta ce in duba mata soket ɗin ɗaki da ya saki. Na kashe makunni, na zaro testa na gwada, ita tana tsaye tana kallona. Wata huɗu ke nan rabon garinmu da wuta, kuma duk faɗinsa ni kaɗai ne nake gwada waya kafin in taɓa. Hannun ya manta, kamar yadda injiniyar ta ce.